Wat 2000 a Jika 12

Kasat bakwai Baba ya bari. Ba na waƙa ba ne, wasiƙu ne. Tsakanin 2002 da 2006, lokacin da yake aikin gini a Sabha ta ƙasar Libiya, salula ba ta cika gari ba tukuna, shi kuma bai yi lakwal ba, ajaminsa kuwa Inna ba ta iya karanta shi. Saboda haka in ya ji akwai mai zuwa gida sai ya sayi kasat, ya zauna da dare gaban rediyon wani abokin aikinsa, ya danna jan maɓalli ya yi ta magana. Ya gaida kowa da kowa, ya faɗi abin da ya aiko da yadda za a raba shi, ya tambayi damina, ya ja kunnen Yaya. Kasat ɗin ta biyo mota ta Agadas, ta yi wata ɗaya ko biyu a hanya, ta iso Maradi cikin aljihun wani. Duk wanda ya tashi a gidan ɗan ci-rani ya san abin da nake faɗi. Baba ya dawo ba lafiya, ya rasu a 2007, Allah ya jiƙan shi. Shekarata 6 a lokacin. Fuskarsa hoton katin ɗan ƙasa ya riƙe mini ita. Muryarsa kuwa ban riƙe komai ba.

Inna ta adana kasat ɗin cikin wata tsohuwar kwalla, ƙarƙashin zannuwan da ta daina ɗaurawa. Rediyon gidanmu ya daɗe da mutuwa, kuma ko da ransa ba za ta yarda ba, don ya taɓa tauna ɗaya daga ciki, sai da aka zauna aka naɗe zaren da bik. Bara ne wani abokina na fada, mai yi wa masu biki aikin sauti, ya ce yana da na'urar da za ta juye su. Sai da na yi mako biyu ina lallashin Inna kafin ta ba ni, ɗaya-ɗaya, sai na maido wannan ta ba ni waccan. Aka juye su duka cikin kart memwar. Na sa a salulata, na zauna bakin tabarmarta bayan isha'i, na kunna.

Ko minti ɗaya ba ta saurara ba ta ce, “Wanga ba shi ba ne.”

Na ce, “Shi ne mana, Inna, ba ki ji yana gaida Kaka ba?”

Ta ce, “Maganar tashi ce, muryar ba tashi ba ce. Ubanku bai magana ta hanci.”

Na ji haushi a daren, ba zan ɓoye ba. Daga baya wani ɗan sashen fizik da muke zama ɗaki ɗaya ya nuna mini cewa gaskiya ta faɗi. Muryar namiji baligi, tushenta yana tsakanin girgiza 85 zuwa 180 a daƙiƙa ɗaya, abin da suke kira herts. Lasifikar salula kuwa ba ta kai farcen babban yatsa ba, ba ta da girman da za ta tura iska a wannan ƙasa-ƙasan, sai abin da ke sama da shi take fitarwa. Kalmomi suna fita, ka gane abin da aka ce, amma ƙirjin mutumin an bar shi a baya. Ni da ban san muryar ba ban ji an rage komai ba. Ita da ta zauna da shi shekara 20 nan take ta ji.

To daga nan maganar ampili ta taso. Bafil biyu akwai su a gidan Kawu, ragowar wani tsohon kayan kiɗa da uwar ta ƙone, ya ce in ɗauka. Abin da ya rage shi ne abin da zai tura su. Wanda ake kira haɗaɗɗen ampili akwati ɗaya ne mai aiki biyu: sashen gaba yana karɓar sauti daga salula ko kasat ko rediyo, nan ne ake ƙarawa a rage, a gyara bas, sashen baya kuma shi ne mai ƙarfin da ke motsa lasifika. Masu hali suna sayen sassan biyu daban-daban. Talaka nasa a haɗe yake, kuma ba abin kunya ba ne.

Da kuɗin burs suka fito na shiga babbar kasuwa. Mai shago ya sauko mini da wani baƙi mai sheƙi, fitilu shuɗi da ja suna rawa a gabansa, yana da Bluetooth, yana kama FM, yana cin kile da kart memwar, har da ramin mikro biyu. A jikin kwali an rubuta 2000W da manyan haruffa masu ruwan zinari, can ƙasa kuma wasu ƙananan haruffa huɗu, PMPO, waɗanda ban kula da su ba. Ya haɗa shi da wani bafil da ya kai ni tsawo, ya sa waƙar zamani mai dukan ƙirji, ya murɗa. Cikin hayaniyar kasuwa, ga kabu-kabu ga masu tura baro, wallahi na ji kamar ƙasa na motsi. Ya ce jika 15, muka daidaita a 12. Na rungumo shi ina jin na yi wa kasuwa wayo.

A ɗakin Inna labari ya sake. Kafin ma a sa komai, da ka kunna sai ka ji wani “sssss” kamar ana soya ƙosai a maƙwabta. Kasat da ma tana da tata shashshakar, sai suka haɗu suka zama biyu. Na ƙara bas don ƙirjin nan da aka ce ya ɓata ya dawo, sai Baba ya koma kamar mai magana da kansa cikin randa. Na rage, ya koma ta hanci. Na ƙara ƙarfi, duk inda ya ce “s” ko “sh” sai abin ya tsage kamar ana yaga sabon yadi. Inna ba ta ce komai ba wannan karon. Ta dai dubi fitilun nan masu rawa, ta ce in kashe su suna sa ta jiri. Ba su da makashi.

Na kwashe shi na kai fada, inda ya samu masoya. Mako biyar ya yi yana aiki kowane dare ana shayi. Ran nan cikin watan Afrilu, ana tsakar zafin nan da ko inuwa ba ta da amfani, muka ce bari mu ƙara mishi bafil biyu na lasifikar mota, muka murɗe wayoyin wuri ɗaya da na Kawu. Bai yi awa ɗaya ba muka ji ƙaurin roba, ɓangaren hagu ya yi shiru. A nan dole in faɗi gaskiya, laifin ba nashi ba ne shi kaɗai. In ka haɗa lasifika biyu a baki ɗaya ta wannan hanya, juriyar da ake aunawa da om raguwa take yi, mai 4 da mai 4 su koma 2, sai ampili ya ja wutar da ta fi ƙarfinsa. Jakin da aka yi don mangala ɗaya muka aza wa biyu, cikin rana.

Akwai wani dattijo mai gyaran rediyo da tele a bayan kasuwa, rumfarsa cike da gawawwakin kaya har rufi. Shi na kai wa. Ya kwance dunƙulen kusoshi huɗu, ya ɗaga murfin, ya juyo mini da shi ba tare da ya yi magana ba. Fiye da rabin akwatin iska ce. Wani ɗan allo ne kore a manne a gaba, da ƴar ƙwaƙwalwa guda a jikin guntun alminiyom da bai fi kwalin ashana ba. Sai ya ce in miƙo mishi sharjer ɗin da ke ba shi wuta.

“Ɗan lakwal, karanta mini abin da anka rubuta nan.”

Na ce bolt 12, amper 2.

“Sha biyu sau biyu nawa ne?”

Na ce 24.

“To wat 24 ke shiga. Ƙaƙa za a yi 2000 su hita? In ka zuba tiya guda cikin buhu, tiya guda za ka kwasa, ita ma sai ɓera bai taɓa ba.”

Na yi shekara uku a jami'a, amma lissafin ƴan aji uku na firamare ne ya kunyata ni a wannan rumfa. PMPO ɗin nan ba shi da wata ƙa'ida da kowa ya yarda da ita, kowane kamfani abin da ya ga dama yake bugawa. Awon da ake iya riƙewa shi ne wanda ake rubuta RMS a gefensa, wato ƙarfin da na'ura za ta iya bayarwa a ɗore, a kan om kaza, ba tare da sauti ya lalace ba. Kuma ko da an yi komai daidai, bolt 12 a kan lasifika mai om 4 ba zai wuce wajen wat 18 ba kafin sauti ya fara tsagewa. Tsagewar nan da na ji a bakin Baba, ita ce alamar an tambayi ampili abin da ba shi da shi: sai ya datse kan igiyar sautin, ya bar ta da kaifi. Wannan kaifin ne ke gajiyar da kunne, kuma shi ke ƙona ƙaramar lasifikar sama a bafil. Shi ya sa ƙaramin ampili da aka matsa wa ya fi kashe bafil a kan babba da ke tafiya a hankali, abin da hankali bai ɗauka da farko.

Dattijon ya ce gyaran zai ci jika 3, kuma zai sake ƙonewa. Sai ya tambaye ni mi nake son ji da shi. Na ba shi labarin kasat ɗin. Ya ɗan yi shiru, ya tashi ya shiga can ƙuryar rumfa, ya jawo wani abu mai fuskar azurfa da ƙura ta rufe. Na hannu ne, ɗan Japan, irin na shekarun 1980, ya shigo cikin kayan kwantena. Ba Bluetooth, ba FM, ba ramin kile, fitila ɗaya ce tal, ƴar ja. A bayansa an rubuta wat 25 kowane ɓangare a kan om 8. Ya ce in ɗaga. Na ɗaga da hannu ɗaya na kasa, sai da na sa biyu. Nauyin na taransfo ne, wani dunƙulen ƙarfe da waya, da kondansater biyu masu kaurin gwangwanin tumatir, da haƙarƙarin alminiyom mai shan zafi da ya ratsa akwatin daga gefe zuwa gefe. Ya ce, “Ampili kamar rago ne, ɗaga shi kake yi kahin ka yi ciniki.” (Wannan magana tashi ta tsofaffin kaya ce, zan dawo kanta.)

Jika 17 ya ce, ba ragi, da wasu 3 na canza kondansater ɗin da suka bushe da wanke maɓallin ƙarfi da ke ƙarar tsakuwa in an murɗa. Zafi ne ke busar da su. Ƙa'idar da masu wannan sana'a ke bi ita ce duk ƙarin digiri 10 yana raba kwanansu biyu, to ku auna da Afrilun Maradi. Na ƙara dala ɗari na wayar da za ta haɗa shi da salula. In ka tara da na farkon, jika 32 da ɗari biyar na kashe, kuɗin da na ware don fotokofin darussa da rabin rajista.

Yaya ne ya fara ji. Shi ke riƙe da gidanmu tun yana ɗan shekara 15, kabu-kabu yake yi daga asuba. Bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga da ya fi mini sauƙi. Ya ce, “Kuɗɗin buhun hatsi ka ɗauka ka mai da su amo. Wanda ya mutu ya mutu. Mu da munka rage mi za mu ci?” Na ce don Inna na yi. Ya ce, “Inna ta aike ka?” Ba ta aike ni ba. Har yau ba ni da amsar da za ta tsaya gaban wannan tambaya, kuma wata biyu na yi ina aron takardun abokai ina kwafa da hannu.

Kafin in kai wa Inna sai da na gwada shi a ɗakinmu dare uku, don kada in sake jin kunya. Abu na farko da na lura shi ne shiru. Ka kunna, ba ka jin komai sai ka manna kunne a bafil. Na sa Ɗan Maraya Jos, sai na ji kuntigin nan ba tsirkiya kaɗai ba ne, akwai ƙoƙo a bayanta, yana da ciki. Na sa Shata, kalangai suka rabu da juna, ka ji wannan na tambaya wancan na amsawa, alhali a wancan mai fitilun duk dunƙule suke kamar tuwon da bai tuƙu ba. Gurumin Malam Maman Barka ma haka. Abin dariya, yawancin tsofaffin waƙoƙin nan da kasat ɗin Baba da kansu ba sitiriyo ba ne, abu ɗaya ke fita hagu da dama. Sai da na sa Kaani na Tal National, na 2013, sannan na gane amfanin bafil biyu: gitoci da ganguna suka baje a faɗin bango, kowa da mazauninsa. A dare na farko ma na juya wayar bafil ɗaya, ja a wurin baƙi, bas ya ɓace gaba ɗaya, na kwana ina zagin dattijo a zuci. Da safe ɗan fizik ya duba ya yi dariya, ya ce lasifika ɗaya na turawa ɗaya na ja, suna cinye juna.

Shi ne kuma ya warware mini abin da ya fi ɗaure mini kai, wato yadda wat 25 ya isa har ya yi yawa. Kunne ba ya lissafi irin na kasuwa. In ka ninka wat sau biyu, desibel 3 kawai ka ƙara, ɗan motsi kaɗan. Kafin mutum ya ce sauti ya ninka, sai ka ninka wat kusan sau 10. Bafil na gida kuma, da wat 1 tak, yana ba da desibel 80 da wani abu in kana mita ɗaya daga gare shi, wanda ya riga ya fi ƙarfin hira. Ragowar wat ɗin ajiya ce don lokacin da ganga ta faɗo ba zato. Ya ce ba yau aka fara gane haka ba: a 1978 wani kamfani mai suna NAD, da aka kafa a Landan, ya fitar da ƙaramin ampili mai lamba 3020, wat 20 kacal kowane ɓangare, mai araha, ya zama ɗaya daga cikin waɗanda aka fi saye a tarihin wannan sana'a, har yau ana neman na hannunsa.

Kada dai wani ya karanta wannan ya ɗauka cewa nake duk sabo mai araha banza ne, ko duk mai nauyi nagari ne. Maganar ragon dattijo ta tsaya kan tsofaffin ampili, waɗanda kusan rabin wutar da suka ci zafi take zama. Yanzu akwai ƙananan da ake kira aji D, wasu ba su fi tafin hannu ba, waɗanda ke mai da kusan kashi 90 cikin 100 na wuta sauti. Na ji wani a wurin abokina mai aikin biki, mai ƙwaƙwalwar TPA3116, ya haɗa shi da sharjer ɗin kwamfuta mai bolt 19, kuma in aka rufe mini ido ban tabbata zan raba shi da nawa ba. Yana tafiya da batir da fanno. Nawa kuwa sai bolt 220, da an ɗauke kuran ya zama dutsen zama. Wanda ke ƙauyen da waya ba ta kai ba, wancan ƙaramin ne nashi, ba shakka. Abin da zan ce wa mai saye kawai, ya juya kwali ya karanta sharjer, ya ninka lambobin nan biyu, kuma kada ya yarda da gwajin tsakiyar kasuwa. Ya je da muryar da ya sani a salularsa, ko karatun wani alaramma da kunnensa ya saba da shi, ya sa a yi ƙasa-ƙasa. Waƙa mai duka tana rufa wa kowane ampili asiri, muryar mutum ba ta rufawa.

Daren Juma'a na kai shi ɗakin Inna. Na aza shi bisa akwatin ƙarfe, bafil ɗaya nan ɗaya can, na mai da bas da komai tsakiya. Na sa kasat ta farko.

Baba ya yi sallama. Ban san yadda zan kwatanta ba, tun da ba ni da abin da zan gwada da shi. Murya ce mai kauri, a hankali, yana jan ƙarshen kalma. A bayansa ana jin wani na zuba shayi daga sama, da ƙarar ƙofar kwano da iska ke kaɗawa. Inna ta amsa sallamar a fili. Sai ta ɗaga hannu ta ce, “Rage kaɗan. Bai taɓa ɗaga murya haka ba cikin ɗakin nan.” Na rage. Ta ce in ƙara ragewa. Sannan ta gyara zama.

Mun yi dare bakwai, kowane dare kasat ɗaya. A ta shida da ta bakwai na ji abin da salula da mai fitilu duk suka ɓoye mini. Tsakanin magana da magana yana tsayawa ya ja numfashi, kuma numfashin yana da wani siririn fito a ƙarshensa. Yana cewa lafiya lau yake, aiki na tafiya, kada a damu, ƙirjinsa kuma yana faɗin wani abu daban. Na tsayar, na ce, “Inna, kin ji?” Ta ce, “Tun ran da ta zo na ji. Shi ya sa na aika a ce mishi ya taho gida, ko ba ko dala.” Ban taɓa sanin ita ta kira shi ba. A gidanmu cewa ake aiki ne ya ƙare.

Yaya bai shigo ba ko sau ɗaya. A dare na huɗu, inda Baba ke ja mishi kunne kan yawon gulbi da barin makarantar allo, na ga inuwarsa a bakin labule, babur ɗinsa a kashe ya turo shi daga zaure. Ya tsaya har aka gama wurin, ya wuce ɗakinsa. Bai yi mini maganar ba, ni ma ban yi mishi ba. Maganar buhun hatsi kuwa ya sake tayar da ita sau biyu tun daga nan.

Ampilin yana ɗakin Inna. Ta ɗinka mishi riga da ragowar atamfa saboda ƙura, na roƙe ta ta riƙa cirewa in zai yi aiki, don ta ramukan saman nan yake numfashi. A jikin fuskar azurfar, daidai inda ta ce in tsaya a daren farko, ta ɗiga jan farce, ta ce jikokinta kada wanda ya murɗa ya wuce nan. Da ɗan fizik ya zo gaishe ta da salla ya taho da abin awonsa, ya sa a bayan bafil ana cikin kasat ta biyu. Bai kai rabin wat ba.